Aila, tsibirin da ke sayar da hayaƙi

Duk wanda ya taɓa tsaron rumbu a ƙasar Gangara, can kudu da Gazawa inda gonakin gero da dawa ke miƙewa har iyakar Katsina, ya san abin da danshi ke yi wa hatsi. Da zarar ruwa ya ratsa rufin rumbu, ko buhu ya kwana biyu bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ƙwaya ta farka ta fid da tsiro, ɗan kasuwa kuwa ya dafa kai, domin hatsi mai tsiro ba shi da daraja a gaban mudu. Amma a cikin gida wannan tsiro yana da masu nemansa. Masu kunun zaƙi sun san shi ke tsinka gari ya ba shi zaƙi. Haka kuma matan Arna, a ƙauyukan ƙasar Maraɗi da suka riƙe al'adar kakanni, da gangan suke jiƙa dawa, su shimfiɗa ta su rufe har ta tsira, sa'an nan su baza ta a fili kafin a niƙa a dafa giya. Rana ce ke tsai da tsiron, kuma ba ta taɓa neman ladan aikinta ba.

Akwai wani tsibiri a yammacin ƙasar Sikotilan, wadda masu jin Faransanci suka sani da Ekos, inda rana ba ta isa ta yi wannan aiki. Ana rubuta sunansa Islay, ana faɗarsa Aila. Mutanensa ma suna jiƙa hatsi, wato sha'ir, har ya tsira, amma da yake sama ba ta cika yin mako guda ba ta zubo ruwa ba, dole suka koma ga wuta don busar da shi. Wutar kuwa tana da hayaƙi, hayaƙin ya kama hatsi, ya bi shi har cikin kwalbar barasar da ake kira wiski. Hukuncin wannan abin sha a Musulunci sananne ne, ba ya bukatar ƙarin bayani ga mai karatu. Abin da ya cancanci ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su tsaya su duba shi ne yadda wani lungu mai fama da talauci ya mai da larurarsa haja, da kuma hannun da ribar hajar ta ƙare a ciki.

Matafiyi yakan baro birnin Gilasgo a mota, ya bi hanya mai kwana-kwana tsakanin duwatsu da tafkuna har wata ƙaramar tasha da ake ce wa Kennacraig. Daga nan jirgin ruwa ne, mai ɗaukar mutane da motoci, tafiyar sa'a biyu ko sama da haka kaɗan. In jirgin na tashar Port Ellen ne, kafin ya tsaya za a hango dogayen fararen gine-gine uku a bakin teku, kowane da sunansa rubuce da manyan baƙaƙe a jikin bango, yadda jiragen dakon kaya na da za su gane shi daga nesa: Ardbeg, Lagavulin, Laphroaig. Tsakanin na farko da na ƙarshe bai wuce tafiyar ƙafa ta sa'a guda ba.

Tsibirin kansa ba shi da girma: kimanin kilomita 40 daga arewa zuwa kudu, faɗin ƙasarsa murabba'in kilomita 620. Ƙidayar 2011 ta sami mutum 3,228 a cikinsa, adadin da ƙauye guda mai kasuwa a gundumar Agye zai iya cikawa. Tumaki da dinyoyin daji masu zuwa daga Girinlan da sanyi sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Itatuwa kaɗan ne, domin iskar teku ba ta barin su miƙe. Babban garin shi ne Bowmore, mai wani coci zagayayye da aka gina a 1767. Mutanen garin kan ce an yi shi haka ne don kada Shaiɗan ya sami kusurwar laɓewa. Har yanzu akwai masu jin Gelik, harshen kakanninsu, ko da yake Ingilishi ya rinjaye shi, kuma daga Gelik ɗin ne kalmar wiski ta fito, ma'anarta ruwan rai. Sauran kalmomin sana'ar ma baƙi ne a Turai: alcool da alambic na Faransanci daga Larabci suke, al-kuhl wato kwalli, da al-anbiƙ, tukunyar da malamai irin su Al-Kindi na Bagadaza suka yi amfani da ita wajen tatsar turare da ruwan wardi tun ƙarni na 9.

Inda babu itace, da me ake hura wuta? Da ƙasa. Wani babban sashe na tsibirin fadama ce mai baƙin taɓo, wanda Turawan Ingila ke kira pit, Faransawa kuma turb. Ciyayi ne da gansakuka da suka mutu cikin ruwa suka kasa ruɓewa sarai, suka yi ta danne juna shekara dubbai. Ba ya ƙaruwa sai da kimanin milimita guda a shekara, ke nan ramin da ya kai tsayin mutum ya haɗiye shekaru kusan dubu biyu. Ana yanka shi da wata doguwar cebur idan sanyi ya wuce, a jera shi kamar tubali ya sha iska wata da watanni, sa'an nan ya ci wuta sannu-sannu da hayaƙi mai kauri. Makamashin talaka ne, matsayinsa ɗaya da kara da kashin shanu a ƙauyen da itace ya ƙare. Babu wanda ya zaɓe shi don daɗin ƙanshi.

A Laphroaig, wanda ake faɗa Lafroig, har yau ana yin wani kaso na tsiron a gida bisa hanyar da. Ana jiƙa sha'ir kwana biyu, a baza shi bisa daɓen dutse kusan mako guda, ma'aikata na juya shi dare da rana don kada saiwoyi su sarƙe. Daga nan a kai shi bisa wani rufi mai ƙananan huji, a hura taɓon a ƙarƙashi, ba don zafi ba, don hayaƙi. Ɗanyen tsiro yana shan hayaƙin kamar yadda kifin tafkin Chadi ke shan na banda. Bayan ya bushe a niƙa, a zuba ruwan zafi a tatso zaƙin, a sa yis irin na masu burodi a bar shi kwana biyu da ɗoriya. A wannan matsayi bai bambanta da burkutu ba sai ta irin hatsi. Bambancin yana zuwa ne a cikin manyan tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya, guda bakwai a wannan gida, inda ake tafasa ruwan sau biyu, a kama tururin a sanyaya shi. Abin da ya fito fari ne tas. Launinsa yana samun sa ne a cikin tano na itacen ok, galibi waɗanda aka riga aka yi amfani da su a Amurka, inda zai kwanta shekara goma ko fiye a ɗakunan ajiya, wasu daga cikinsu a bakin teku. Kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 na tsere wa ta jikin itace ya bi iska. Masu sana'ar na kiran wannan asara rabon mala'iku, suna ne da malaman Maraɗi ba za su amince da shi ba. Waɗanda suka san abin kan ce warinsa na tuna musu da ɗakin magani na asibiti, da kwalta, da ciyawar teku, kuma gidan bai taɓa musun haka ba.

Tarihin sana'ar a tsibirin da haraji ya fara. A 1725 gwamnatin Landan ta ɗora haraji bisa tsiron sha'ir a Sikotilan, mutanen Gilasgo suka yi bore, suka wargaza gidan ɗan majalisarsu Daniel Campbell, wanda suke zargi da goyon bayan dokar. Aka biya shi diyya, ya haɗa da ita ya sayi tsibirin Aila a 1726. Shekaru da dama bayan haka babu jami'in haraji na gwamnati ko guda a tsibirin, sai a 1797. Da jami'ai suka zo, manoma suka kwashe tukwanensu zuwa kogunan dutse da lungunan gaɓa, ƙananan jirage na fita da kaya cikin dare. Wanda ya san hanyoyin daji tsakanin Gazawa da Katsina, ko ya taɓa kwana a shingen duwan yana jiran hasken fitilar mota, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gwamnati ta yi ta kamu da tara ba ta ci nasara ba, har 1823 da ta sake dabara: ta rage harajin, ta ce duk mai so ya biya fam 10 ya karɓi lasisi. Cikin ƴan shekaru fasa-ƙwauri ya daina biyan wahalarsa, manyan ƴan sumogal suka zama masu masana'anta.

Gidan Laphroaig na ƙidaya shekarunsa daga 1815, lokacin da wasu ƴan'uwa biyu manoma, Donald da Alexander Johnston, suka kafa tukunya a gonar da suke haya. Donald ya saye rabon ɗan'uwansa, ya riƙe gidan shi kaɗai har 1847, shekarar da ya faɗa cikin wani kaskon ruwa mai zafi na masana'antar, ya cika bayan kwana biyu. Ɗansa Dugald yaro ne a lokacin, sai dangi da maƙwabta suka riƙe masa har ya girma. Ta wannan ƙofa ce maƙwabtan Lagavulin suka shiga harkar, suka zama dillalan da ke sayar da yawancin abin da Laphroaig ke yi.

A wancan zamani kusan babu mai sayen wiskin gida guda shi kaɗai. Manyan ƴan kasuwar Gilasgo ne ke saye daga gidaje da dama su gauraya, su sa sunansu a kwalba, kuma ɗan kaɗan daga mai hayaƙin Aila ya isa ya ba gaurayen ƙarfi, kamar daddawa a miya. Mai Lagavulin a farkon ƙarni na 20 shi ne Peter Mackie, mai tambarin White Horse, wato Farin Doki. Da magadan Johnston suka ga dillali ya fi mai kaya cin riba, suka ƙwace dillancin. Mackie ya fusata. A 1907 ya sa aka toshe da duwatsu rafin da ke kai wa Laphroaig ruwa, kotu ta tilasta masa ya buɗe. Sai ya ɗauki wata hanya: a 1908 ya gina sabuwar ƙaramar masana'anta cikin harabar Lagavulin, ya sa mata suna Malt Mill, ya sa aka ƙera masa tukwane kwatankwacin na maƙwabcinsa, ya kuma janye wani babban ma'aikacin Laphroaig da ya san sirrin aikin. Nisan wuraren biyu bai kai kilomita biyu ba. Duk da haka abin da ya fito bai zama Laphroaig ba, kuma a 1962 aka rufe Malt Mill. Har yau ana gardama a kan dalili, wasu su ce ruwa, wasu su ce hannu. Abin da ya tabbata shi ne mai kuɗi ya sayi komi, bai sami abin da yake nema ba.

Na ƙarshe a zuriyar shi ne Ian Hunter, wanda ya karɓi ragama a 1921, ya faɗaɗa gidan, ya shiga yawon duniya da hajarsa. Ana ba da labarin cewa a shekarun da Amurka ta haramta barasa, daga 1920 zuwa 1933, ya shawo kan jami'an can cewa abu mai irin wannan wari ba zai zama komi ba sai magani. Hunter bai haihu ba. A 1934 wata budurwa daga Gilasgo, Bessie Williamson, mai digirin jami'a amma ba ta da aikin kirki saboda matsin tattalin arzikin lokacin, ta zo aikin sakatariya na wata uku. Ta yi kusan shekara arba'in a gidan. Da ciwon shanyewar jiki ya kama Hunter a 1938 ita ta riƙe harkoki, ita ta tsare gidan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sa'ad da aka tsai da aiki soja suka mai da wurin ma'ajiyarsu, kuma da ya rasu a 1954 ita ya bar wa masana'antar dungum. Ita kaɗai ce mace da ta mallaki irin wannan gida ta kuma tafiyar da shi a Sikotilan cikin ƙarni na 20. Ta zaga Amurka tana tallar wiskin gida guda tun kafin ya zama abin yayi. Amma ta ga gyaran da gidan ke bukata ya fi ƙarfin aljihunta, sai ta sayar da shi kashi-kashi ga kamfanin Long John daga 1962, ta yi ritaya a 1972, ta rasu a 1982.

Shekarun 1980 sun zo wa tsibirin da wuya. An yi wiski fiye da abin da duniya ke saye, ɗakunan ajiya suka cika. Ardbeg ta tsaya a 1981, Port Ellen ta rufe a 1983, iyalai suka rasa abin yi a wurin da babu wata ma'aikata ta biyu. Mutanen Maraɗi da suka ga yadda cinikin gyaɗa ya durƙushe bayan farin shekarun 1970, ya ja Sonara da matatar mai ƙasa, sun san irin wannan shiru. Abin da ya ceci Aila shi ne abin da a da ake ɗauka aibi. Masu kuɗin Turai, Amurka da Japan suka fara neman abin da ba shi da na biyu, mai sunan wuri a jikinsa, hayaƙin talaka ya zama alamar asali. Ardbeg ta farfaɗo a 1997, sabuwar masana'anta ta Kilchoman ta buɗe a 2005, Port Ellen kanta ta koma aiki a 2024 bayan shekara 41.

Gwamnatin Birtaniya kuwa ta kewaye sunan da shingen doka. Bisa ƙa'idojin 2009, ba a kiran abu wiskin Sikotilan sai an yi shi a can, ya kuma kwana aƙalla shekara uku cikin tanon ok a can. Ba a ce masa na gida guda sai in da tsiron sha'ir zalla aka yi shi, a masana'anta ɗaya, aka kuma ɗura shi a kwalba cikin ƙasar. Sunan Islay kansa an tsare shi, ba mai rubuta shi a kwalba sai wanda ya dafa a tsibirin. A 2022 abin da Sikotilan ta fitar waje na wiski ya kai fam miliyar 6.2, sama da miliyar 4,500 na sefa, kuɗin da ya zarce kasafin gwamnatin Nijar na wannan shekara, kuma Faransa na sahun gaba cikin masu saye. Ƙasar Hausa ta san kishiyar wannan labari. Ɗaruruwan shekaru fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi na ƙetara Sahara bisa raƙuma, ta isa Turai a ɗaure littattafan sarakuna da ita, amma da sunan fatar Maroko, domin ta tashoshin can ta bi. Faransanci har ya samo kalmar maroquinerie daga nan. Sai a ƴan shekarun nan ne hukumar OAPI ta yi rajistar kilishin Nijar da albasar Galmi a matsayin kayan da sunan wurinsu ke da kariya.

Sai dai shingen doka suna yake tsarewa, ba ya tambayar wane ne mai gona. Laphroaig ta yi ta sauya hannu bayan Long John, har ta faɗa hannun kamfanin Suntory na Japan a 2014, cikin wani ciniki na dalar Amurka miliyar 16 da ya haɗa da wasu gidaje da yawa. Bowmore ma ta Suntory ce. Ardbeg na ƙarƙashin LVMH na Faransa, Bruichladdich na hannun Rémy Cointreau tun 2012, Lagavulin da Caol Ila da Port Ellen na Diageo ne mai mazauni a Landan. Harajin na tafiya baitulmalin Birtaniya. Yawancin sha'irin ma daga waje ake kawo shi, wiskin kuma ya fita cikin motocin tanki a kai shi babban yanki a ɗura a kwalba. Tsibirin na samun albashi da kuɗin baƙi masu yawon buɗe ido, ba abin rainawa ba ne, kuma aikin yi bai yi ƙaranci ba. Amma matasa na kukan gidan zama ya gagare su, saboda masu kuɗi daga waje sun saye gidaje don hutu. Taɓon ma ba ya dawowa a rayuwar mutum. Tun a tsakiyar shekarun 1980 aka yi rigima a kan fadamar Duich Moss, tsakanin masu son a yanka don masana'antu da masu kare dinyoyin da ke sauka a cikinta.

A ƙidayar 1831 mutanen Aila sun kusa 15,000. Yunwar dankali ta shekarun 1840 da masu ƙasa da suka fi son tumaki bisa manoma suka kwashe su zuwa Gilasgo, Kanada da Amurka. A yankin Oa, kudu maso yamma da Port Ellen, inda ƴan sumogal suka fi ɓoye tukwanensu, ɗaruruwan mutane suka hau jirgi zuwa Kanada a farkon shekarun 1860. Yanzu kangaye ne da ciyawa, da wata hasumiya bisa dutse da aka gina don tunawa da sojojin Amurka da suka nutse kusa da gaɓar a 1918.

A 1994, shekarar da Yarima Charles ya ba gidan izinin sa tambarinsa a kwalba, Laphroaig ta fito da wata dabarar talla: duk wanda ya sayi kwalba ya yi rajista, ana ba shi aron fili a fadamar gidan, taki guda a tsaye taki guda a kwance, iya rayuwarsa. In ya zo da kansa, a ara masa takalman roba, a nuna masa wurin, a kuma biya shi kuɗin hayar shekara da ɗan kurɓi guda. A hayin hanya, daura da ƙofar masana'antar, filin yana nan cike da ƙananan tutoci na Jamus, Japan, Suwidin, Amurka da Faransa, kafe cikin taɓo, ruwan sama na dukan su.